Mijin Tasalla Sai Mai Aska

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai fuska awa ƙwai!" Alhaji Ɗanmusa ya daka tsawar da ta sa kaji suka watse a tsakar gida.

Tasalla na durƙushe gabansa, idanu sun yi ja. Laifin saurayinta Sagiru ɗaya ne tak: malamin Islamiyya ne a Isa, ga ilimi ga ladabi, Bagobiri uwa da uba, amma ba shi da tsagen Gobirci a kumatu. Shi kuwa Alhaji, ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi, ya rantse surukinsa sai saurayi mai aska cikakkiya, mai sana'a, wanda bai taɓa aure ba.

"Baba, ka yi man haƙuri in yi magana," in ji ta. "Lokacin rabon gidan sauro, ni da abokan aikina mun shiga gida-gida, Isa da Tozai da Kamarawa. Na gani da idona, kuma data, wato alƙaluman da munka tara, ba ta ƙarya. Cikin samari ɗari da wuya ka sami ukku masu aska. Ukkun nan ma, biyu sun yi aure. Ina za a samo wanga mutum?"

"Iye! Ni za ki kawo ma lissahi? Bokon da nib biya shi na za a yanka ni da shi? Ƙasar Gobir ce nan, ba a rasa nono a ruga! Da kaina za ni nemo shi!"

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta shige ɗaki ta fashe da kuka, haushi kamar ta yi bindiga. Da Sagiru ya kira, ta ce, "Wallahi na gaji, mu kai ƙara wajen alƙali!"

"A'a, Tasalla. Ba ni fara zama da ke da kai mahaihinki ƙara. Mu jira."

Har shi ta ji haushinsa, ta kashe wayar.

Alhaji kuwa ya bazama. Kasuwar Sabon Birni, kasuwar Isa, har tsallaken iyaka, mutum ya bar cinikinsa yana leƙen kumatun 'ya'yan mutane! Duk mai askar da ya samu, ko dai furfura ta cika masa gemu, ko mata uku na jiransa gida. Damina ta wuce, kaka ta zo, Tasalla ta rame kamar kara.

Da abin ya ishe shi, ya nufi Alkalawa wurin tsoho Illo, wanzamin gidansu tun kakanni.

"Illo, lissafa man samarin da kay yi ma aska."

Tsohon ya dube shi sheƙeƙe. "Samari? Askar tsagena ta yi tsatsa, Alhaji. Kai an na farin da yak kore ni! Ranar sunan ɗanka Jabir, ka ce ba a ɓata ma yaronka fuska, makaranta za shi. Maƙwabta sunka gani sunka bi. Ka hana a shuka, yanzu ka zaka girbi?"

Alhaji ya miƙe. Ya shafa nasa kumatun, ya ja takalmansa.

Da ya isa gida bai ko zauna ba. "Tasalla! Ki ce ma yaron nan ya turo magabatanshi."

Ta faɗi ta yi sujada, hawaye na zuba, wannan karon na daɗi. Bayan Sallah aka ɗaura aure.

To, iyaye, kafin ku kafa sharaɗi, ku fara duba ko akwai mai cika shi a garin. Ku kuma 'yan mata, ku faɗi gaskiyarku da ladabi, sannan ku yi haƙuri. Kada mutum ya nema a gidan wani abin da shi ya kora daga nasa.