Mutum na Biyu a Talabijin ɗin Muntari

An idar da sallar magariba, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Alhaji Muntari, mai sayar da atamfa a Ƙofar Rini. Zamanin soja ne, kuɗin fetur na yawo a gari, shi ma ya sayo talabijin aka kafa masa eriya a kan soro. Ran nan da aka kunna, sai mai karanta labarai ya zama biyu. Wani mutum dishi-dishi na tsaye a bayan kafaɗarsa, bakinsa na motsi tare da nasa. Kulu, 'yar Muntari, ta ƙura masa ido har tuwonta ya huce.

"Baba," ta ce a hankali, "na bayan nan ni shika kallo."

Kafin a ba ta amsa, dutse ya faɗo a kan rumfa.

Tun daga ranar gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Ko an kashe akwatin an lulluɓe shi da zane, jifa ba ta fasawa. Kulu ta daina cin abinci. Rana na faɗuwa sai ta sandare, tana gurnani da muryar da ba tata ba, uwarta Jummai na riƙe da ita tana kuka.

Muntari ya kira Illo mai gyaran rediyo. Illo ya duba akwatin, ya fita waje, ya daɗe yana kallon dogon siton da wani ɗan kwangila ya gina kwanan nan a inda tsohuwar tsamiya take, bango da rufi duk kwano.

"Alhaji, akwatinka lahiya lau shike. Hoton sau biyu shika isowa, guda daga tasha, guda ya bugi kwanon sitonga ya komo a makare, awa amsa-kuwwa. Shi na inuwar. A kawo tsani in juya eriya."

A nan gizo ke saƙar. A unguwar, namiji ba ya hawa soro sai an yi wa maƙwabci sallama ya sa matansa su shige ɗaki. Ranar kafa eriya ɗoki ya sa Muntari ya hau da ma'aikata ba sallama, matan maƙwabcinsa Malam Junaidu kuwa na tsakar gida. Tun lokacin ko gaisawa ba sa yi.

"In tahi in roƙi Junaidu? Don akwati?" in ji Muntari. Ya sallami Illo. Girman kai rawanin tsiya, kuma shi nasa ya naɗa shi da kyau.

Da Kulu ta fara ramewa sai Jummai ta sa aka ɗauko Malam Siddiƙu, masanin sha'anin iskoki. Ya iso dab da magariba, ya sa turare a kasko, ya zauna a gefen yarinyar yana karatu. Can Kulu ta tashi zaune, idanunta a rufe.

"Mi kaka so ga ɗiyar mutane?" Malam ya tambaya.

"Hutu nika so," in ji wata murya ta tsoho. "Tsamiyata anka sare, nik koma kwano, rana na gasa ni. Maraice ya yi in samu in miƙe, sai ƙarhen da ke bisa soronku, da bakinai ka kallon gidana, ya jawo ni cikin akwati, in tsaya bayan wani ƙato ina motsa baki. Na gaji. A rushe siton."

"Sito ba na Alhaji ba na," in ji Malam. "Hwaɗi abin da shika iyawa."

Muryar ta sake fitowa.

"A kauda bakin ƙarhen daga gidana kahin rana ta hwaɗi gobe. In ba haka ba, da ɗiyar zan tahi."

Kashegari Muntari ya wuni yana zungurar eriya da doguwar gora daga ƙasa, yana gumi yana tsaki. Ko gezau ba ta yi ba. La'asar ta yi sakaliya, Jummai ta fito ta ce hannun Kulu ya yi sanyi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya yar da gorar, ya aika a kira Illo, ya nufi zauren Malam Junaidu, ya tuɓe takalma ya durƙusa.

"Malam, na yi ma laihi. Ka yahe mini, ka bari a hau."

Junaidu ya rufe littafinsa. Ya ɗauko tsaninsa da kansa, ya jingina a soron Muntari ya riƙe.

Illo ya hau, yana juya eriya kaɗan-kaɗan, Jummai na gaban akwatin tana cewa saura. Inuwar ta yi ta matsowa har ta shige jikin mai labarai, ya koma mutum guda. A ɗaki Kulu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ce a ba ta fura.

Muntari ya yi ta godiya. Ya ce bari dai Malam Junaidu ya je ya gaya wa iyalinsa an sauko, su fito su sha iska.

"Sun daɗe ba su sha ta ba," in ji Junaidu, hannunsa na kan tsani. "Tun randa nij ji kukan Kulu ta bisa katanga nis sa su zamna ɗaki. Sallamarka ɗai nika jira."