Sunan da Mahfuz Ya Sa wa Gona

Ranar da Mahfuz ya fara ganinta, tsugune yake a tsakiyar masarar mahaifinta yana huda ƙasa da wani dogon ƙarfe, wandonsa ya yi kaca-kaca da laka. Ita kuma ta fito kai wa Abbanta shinkafar rana, sai ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, zinare kake nema? Kakannina sun riga ka dubawa, babu."

Ya ɗago yana kallonta. Daga bakin tafkin kifi mahaifinta Gofur Mondol ya yi kira: "Moyna, kawo abincin nan, ki bar baƙo ya yi aikinsa."

"Moyna," Mahfuz ya maimaita a hankali.

"Tahmina," ta gyara masa tana jan mayafi. "Wancan na 'yan gida ne."

Gaskiyarta. A nan Chuadanga ta ƙasar Bangladesh kowa da sunansa na takarda da na gida, kuma na gida ba a fita da shi kasuwa. Nata marigayiya mahaifiyarta ce ta laƙaba mata, sunan tsuntsuwar nan mai surutu.

Wata cibiyar bincike ce ta turo Mahfuz daga Dhaka, aikinsa gina gona a cikin kwamfuta. Zai auna yumɓun ƙasa da gangarenta, da zurfin saiwar masara, da lokacin da ganye ke rufe ƙasa. Ya haɗa da lissafin ruwan sama na shekaru masu yawa, kwamfuta ta faɗa masa yawan maganin tsutsar da ruwa zai wanke ya zuba a tafki. Gonar Gofur ya zaɓa saboda laka ce zalla, ga gangare, ga tafki a gindinta.

Aikin mako guda ne, amma har masara ta yi goyo Mahfuz bai gama auna gonar nan ba. Kullum akwai abin da ya manta. Dattijon ya gane, ya dai ci gaba da zuba masa miyar kifi.

Bayan ya koma Dhaka sai hirarsu ta koma saƙonnin waya.

"Tsuntsuwata, yau na sa an yi ruwan shekara talatin a gonarku kafin in gama shan shayi. Na duba ko'ina ban gan ki a ciki ba, sai na kashe kwamfutar."

"Malam Laka, ruwanka na ƙarya ne, ba ya jiƙa kowa. Ka ci abinci kuwa? Na yarda ka kira ni da sunan gida, amma kai kaɗai, kuma a hankali."

Da a ce ya karanta ƙarshen saƙon nan da kyau. Da aikin ya kammala aka ce ya sa wa gonar kwamfutar suna, kamar yadda ake yi. Abokan aikinsa sunan gari suke sawa, ko na kogi. Shi kuwa so ya rufe masa ido, ya rubuta sunan da ya fi daɗi a bakinsa. A ransa kyauta ce ya tanadar mata, har yana ɗokin ranar da zai nuna mata.

Aka kira taro a ofishin gona na Chuadanga, manoma da dillalan magani suka cika ɗaki. Gofur ya saka farar rigarsa ta Juma'a ya zauna a gaba. Ogan Mahfuz, wanda bai san komai ba, ya miƙe yana nuna allo.

"Cikin duk waɗanda muka gwada, Moyna ce mafi muni. Ba ta riƙe komai, duk abin da aka zuba mata sai ta sake shi. Maganin da ya tsira a kan Moyna ya tsira ko'ina."

A wajen masu aikin wannan ba zagi ba ne. Da gangan suke neman gonar da ta fi haɗari, don in magani bai yi ɓarna a can ba, sauran sun huta. Amma wa zai tsaya jin wannan? Daga can bayan ɗakin wani ya tuntsire da dariya. Liton ne, ɗan mai shagon maganin ƙwari, wanda ya taso maƙwabcinsu ya san sunan, kuma Tahmina ta taɓa mayar masa da kayan tambaya. Gofur ya miƙe ya fita ba tare da ya dubi kowa ba.

Kafin la'asar magana ta zagaye teburan masu shayi. Samari in ta wuce za ta makarantar da take koyarwa sai ɗaya ya ce da ɗan'uwansa, "Riƙe kofinka da kyau, kada ka zama Moyna." Masu sarin kifi suka fara kewaye tafkin Gofur, wai ba sa son kifin guba, alhali kifin lafiyarsa ƙalau.

Saƙonta ya iso masa yana cikin motar komawa.

"Abu ɗaya uwata ta bar mini, na ba ka ajiya. Ashe abin dariya kake nema. Kada ka ƙara kirana da kowane suna."

"Wallahi ba ba'a na yi ba. Na so sunanki ya zauna a kan aikin da na fi alfahari da shi. Ban yi tunani ba, kuma rashin tunanin nawa ne ni kaɗai. Ki yafe mini."

Ya bi ofis-ofis yana roƙon a sauya sunan, aka ce rahoto ya riga ya fita, wasu cibiyoyin ma sun karɓi gonar suna gwada magungunansu a kanta. Ya koma ƙauyen, Gofur ya tare shi a bakin ƙofa, bai ce ya shigo ba.

"Baffa, na zo ne in..."

"Na ba ka gonata, na ba ka abincina. Da ka ce ni ne mafi muni, da na haɗiye, tsoho ne ni. Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Babu komai, Baffa. Sonta nake yi."

"To Allah ya kiyashe mu da ƙiyayyarka."

Damina ta zo ta wuce. A gidan Gofur sunan ya mutu ba tare da wani ya hana faɗinsa ba. Dattijon in zai kira ta sai ya yi gyaran murya, ko ya ce "ke". Wannan ya fi dariyar samari yi mata ciwo, ta sha kuka a bayan ɗakin girki.

Mahfuz bai daina zuwa ba. Duk Juma'a yana masallacin ƙauyen, in an idar ya zauna wajen mai shayi yana bayani ga duk wanda zai saurara, ana yi masa dariya yana shanyewa. Ya kai ruwan tafkin aka gwada, ya dawo ya sayi kifin ya ci a gaban masu sari. Kasuwar kifi ta dawo a hankali. Sunan ne bai dawo ba.

Ana haka sai ga Liton da mahaifinsa, ɗauke da tukunyar kayan zaƙi, sun zo neman aurenta.

"Baffa, kowa ya san halin da ake ciki," in ji Liton yana murmushi. "Ni ba ruwana da surutun mutane. Zan rufa mata asiri, a hakan ma na karɓa."

Gofur ya daɗe yana kallon tukunyar. "Asirin me za ka rufa? Me ta yi?"

"A'a, ai ka san yadda sunan ya..."

"Ɗauki kayanka, kada ƙuda ya lalata maka."

Da suka tafi, Tahmina ta fito ta durƙusa kusa da shi.

"Abba, ni na ba shi izinin kiran sunan. Wauta ya yi, ba mugunta ba. Na yi fushin har na gaji, kuma zuciyata ba ta bar shi ba."

Dattijon ya share fuska da gefen rigarsa. "Wancan ya yi dariya ya zo yana mana gori. Wannan ya yi kuskure, kunya tana neman kashe shi. Ki ce ya turo manyansa."

Da yamma, tana shanya kaya, ta rubuta masa saƙo na farko bayan watanni.

"Malam Laka, Abba ya ce ka turo. Na yafe maka tun tuni, bakina ne ya ƙi faɗa. Amma daga yau Tahmina za ka ce."

"Na gode, Tahmina. Zan yi ta faɗinsa har ya yi miki daɗi."

Bayan girbin masara aka yi biki. Mata suka shafe ta da kurkur suna waƙa, aka dafa shinkafa da nama, alƙalin da ke ɗaura auren ya tambaye ta, ta ce ta yarda da murya ƙasa-ƙasa. Da lokacin tafiya ya yi, Gofur ya kama hannunta ya ɗora a kan na Mahfuz. Leɓɓansa suka haɗu kamar zai fara wancan sunan, ta ɗago da sauri tana jira. Sai ya dubi taron da ke tsakar gidan, ya haɗiye.

"Tahmina, Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai kuma, ka riƙe ta da kyau."

"Amin, Abba," suka ce tare, ita tana hawaye, shi kansa a ƙasa.

Addu'ar ta karɓu. Suna zaune lafiya, yana ji da ita kamar ƙwai, ita ma ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai duk safiya in ya shiga ofis yakan ji wasu mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba suna cewa a gwada sabon magani a kan Moyna. Yanzu su kaɗai ke kiran sunan.