Koren Fenti

Ƙafafunsa Rauda ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata ƙatuwar motar soja da ta tare hanyar bakin kanal ɗin ban ruwa a Bunkure. Abincin masu dashen shinkafa a gonar mahaifinta ne a kanta, rana ta gasa ta, wuyanta ya ƙage.

"Malam, hanyar nan taka ce kai kaɗai?"

Taufiq ya zamo waje, fuska duk baƙin mai. Ya zuba mata ido, ya manta da batun ba da haƙuri.

Shi ba soja ba ne, malamin firamare ne a Kura. A gwanjo ya sayi motar da tirelarta, kuma ba haya yake yi da ita ba. Sha'awa ce kawai, irin mai cinye wa mutum Asabar da Lahadi ta bar shi da ciwon baya. Abin da ya fi ji da shi koren fentinta na asali. Shekara shida yana lallaɓa shi.

Kafin shinkafar ta yi ciki, saƙonni sun fara kai-komo.

"Raudata, yau bugu ɗaya motar ta tashi. Ke na fara tunawa."

"Bakanikena, ka wanke hannu tukuna kafin ka tuna ni."

Ranar da aka ba shi izinin zuwa gaida mahaifinta, Malam Badamasi limamin unguwa, Taufiq ya yi wautar da ba ta taɓa faɗo wa kowa a rai ba. A ganinsa, mutum da mafi kyawun abin da ya mallaka yake zuwa gidan surukai. Ya wanke motar tas, ya shigo da ita unguwar bayan la'asar.

Mai shayi ya bar butarsa a wuta, majalisa ta watse, mata suka danno ƙofofi. Kafin magariba labari ya kai kasuwa cewa sojoji sun zo kama Liman. Sati biyu ana zuwa yi masa jaje, yana rantsuwa ba abin da ya faru, ana gyaɗa kai cikin tausayi.

"Ki gaya wa Taufiq," in ji Malam, murya a dushe, "kada in sake ganin wannan koriyar abar a ƙofata. Hamza dillalin tumatir ya aiko neman aurenki. Bayan girbi zan ba shi amsa."

Rauda ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rubuta:

"Taufiq, na gaji. Na gaji da kare ka a gida, na gaji da kare motarka. Ba zan ce ka sayar da ita ba, na san yadda take a ranka. Amma girbi ya kusa."

Kwana tara ba amsa. Ta sa a ranta cewa ya zaɓa, kuma ba ita ya zaɓa ba.

Ranar da aka gama casa, ruwan ƙarshen damina ya sauko bagatatan. Hanyar gonar ta koma kunu. Motar lodin da Hamza ya turo ta kafe tun a kan kwana, buhunan Malam na jibge ƙarƙashin leda, ga wani hadarin yana haɗuwa. Rauda na tsaye kusa da mahaifinta suka ji gurnani daga nesa.

Motar Taufiq ce, tana keta taɓo da tirelarta. Sai dai ta zama shuɗiya, kalar ƙofar shago, ga sawun burushi ko'ina. Taufiq ya sauko ya durƙusa, ido ya faɗa, farce duk fenti.

Malam ya daɗe yana kallon motar.

"Wa ya yi maka wannan fentin?"

"Ni ne, Baba."

"Bai yi kyau ba."

"Na sani, Baba."

"To, juya ta baya. Buhunan na can."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Tirelar ce ta kai kayan jere Kura, gwaggonni a sama suna ta guɗa, kuma ba wanda ya gudu.

Da suka yi sati, ya ɗauko amaryarsa zuwa gaida iyaye. Tana jawo ƙofar motar ta ga wani ɗan wuri daga ciki, bai fi tafin hannu ba, kore shar.

"Wannan fa, Bakanikena?"

"Fenti ne ya ƙare."

"Ƙarya kake." Ta ɗora tafinta a wurin. "Bar mana shi."

A ƙofar gida Malam ya fito da kansa ya nuna masa inda zai ajiye ta, a inuwar darbejiya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya hutar da ku. Duk mun gaji haka nan."

Suka ce amin, har da mai shayi.