Shanun Malam Bawa Daga Sama

Ƙarfe sha ɗaya na safe ne, rana ta take, hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa kamar yadda ya saba a ƙarshen bazara. A bakin iyakar Jibiya motocin kaya sun yi layi, direbobi sun shige ƙarƙashinsu suna neman inuwa.

Can gefen shinge akwai wata farar kwantena da aka mayar ofis. Nan sojojin Najeriya da na Nijar suke aiki tare da wani jirgi mara matuƙi, wanda wata ƙasa mai ƙawance da su duka biyun ta ba su. Ta turo masu horarwa, suka yi wata uku, suka bar littafin aiki suka koma. Jirgin zai tashi ya duba dajin kan iyaka. Abin da ya gani ta ɓangaren Nijar a rubuta a tura wa na Nijar, na nan kuma na nan su je.

Kofur Kalilu shi ke sarrafa jirgin, mutum ne mara yawan magana. A ranar aka kawo sabuwar tafinta, Mutmainna, ɗiyar Malam Bawa makiyayi na Mazanya, wadda ta yi karatu a Maraɗi wajen dangin mahaifiyarta. Aikinta mayar da rahoto daga Ingilishi zuwa Faransanci. Kowa a kwantenar Hausa yake ji, da ita ake shan shayi, da ita ake musun ƙwallo, amma takarda ba ta yarda da ita ba.

Ta tsaya bayan Kalilu tana kallon allon da ke nuna abin da jirgin ke gani, ta tambaye shi mene ne waɗancan fararen ɗigon. Ya ce tumaki ne.

"Awaki ne," in ji ta. "Tumaki ba sa watsewa haka."

Ya jawo hoton kusa. Awaki ne. Sajan Yahya, wakilin sojojin Nijar, ya yi dariya har ya ajiye kofinsa. Kalilu ya ɗago ya dube ta, kuma ya ɗan daɗe bai koma kan allon ba.

Daga nan abin ya fara, a hankali. Yana ajiye mata kujerar da ke kusa da fanka. Tana kawo masa dabino daga kasuwar Lahadi. Ta sa masa suna Shaho, tunda daga sama yake kallon duniya. Bayan sati uku ya tura mata saƙo:

"Tafintata, akwai maganar da ba na so a fassara ta. Ina son ki, kuma aure nake nufi."

Sai washegari ta amsa:

"Shaho, na gani. Hanyar Mazanya ba ta da shinge."

Shinge kam akwai. Badamasi, mai fiton kaya a bakin iyaka, ya riga shi kai gaisuwa gidan, kuma Malam Bawa ya san mahaifinsa. Soja kuwa, a ganin tsohon, yau yana nan gobe an ɗauke shi. Bai ce a'a ba, bai ce to ba. Ya ce a bari damina ta sauka.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Da safen Laraba jirgi ya hango shanu kusan saba'in suna ƙetare iyaka ta wata hanyar daji, da mutum uku, ɗaya da wani abu dogo a kafaɗa. Littafin aiki ya faɗa ƙarara: garke mai yawa, nesa da titi, da mutane ɗauke da abu dogo, a kai rahoto nan take. Kalilu ya rubuta. Mutmainna ta fassara cikin minti biyu, lambobin wuri ne kawai da adadin shanu. Sajan Yahya ya kira jandarmomi, jami'an tsaron Nijar.

Shanun Malam Bawa ne. Kowace shekara in an fara shuka yakan haura da su arewa don kada su shiga gonakin mutane. Abin da ke kafaɗarsa sandarsa ce. Takardar izinin ƙetarewa tana aljihunsa, amma ruwan jiya ya jiƙa ta, tawadar ta narke. Kwana biyu aka tsare garken kusa da garin Ɗan Isa, a ɓangaren Nijar. Aka zaunar da tsohon a ƙasa gaban jama'a ana tambayarsa inda ya samo shanun da ya gada daga kakansa. Da gaskiya ta fito aka ba shi haƙuri, 'ya'yansa maza suka wuce da garken, shi kuma ya dawo gida.

Badamasi ne ya je jaje, kuma shi ya faɗi sunan wanda ya rubuta rahoton. Malam Bawa ya aika cewa kada sojan nan ya sake taka ƙofar gidansa.

Mutmainna ta ɗauki hutu. Kalilu ya tura saƙo bakwai, shiru. Ya ɗauka ta tsane shi. Ranar da ya tura na takwas sai ga wannan:

"Shaho, ba fushi nake da kai ba. Da hannuna na fassara takardar da ta zaunar da Baba a ƙasa. Ni da na gane awaki daga nesa, ranar ko allon ban kalla ba. Na kasa haɗa ido da shi, na kasa haɗa ido da kai."

Ya amsa: "Tafintata, ni na gani, ni na rubuta. Bari in je wurin Baba in ɗauki laifina."

Ya je ranar Asabar da hantsi, ba kaki, ya durƙusa a ƙofar gida. Malam Bawa yana gyaran igiya. Ya bar shi a durƙushe har ya gama ƙulli uku, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Mi ka gani rannan?"

"Shanu da mutum uku, Baba."

"Ni ina nike? Gaba ko baya?"

Kalilu ya yi tunani. "Gaba."

"Gudu suke ko tahiya?"

"Tafiya suke. A jere."

"To. Mai shanu gaba yake shiga, su bi shi, don sun san muryarshi. Ɓarawo baya yake tsayawa yana duka, su cure wuri guda suna gudu, maruƙa su faɗi a hanya. Yaron goye ya san wannan a ruga. Waɗanda suka ƙera maka jirgin ba su taɓa kiwo ba, kai ma haka. Tashi ka tahi."

Ya tashi ya tafi. Bai kawo maganar aure ba.

Da ya koma, ya roƙi Sajan Yahya su zauna su duba tsofaffin hotunan jirgin. Sati biyu suna yi. Duk inda aka tabbatar sata ce, mutanen suna baya, shanun a cure suna gudu. Duk inda aka tsare mai gaskiya, mutumin yana gaba. Sau tara aka yi irin kuskuren, ba sau ɗaya ba. Kalilu ya rubuta shafi guda kan yadda ake bambanta mai shanu da ɓarawo, ya fara da nasa laifin, ya kai wa kwamandansa, duk da Yahya ya gargaɗe shi cewa irin wannan takarda kan sa a cire mutum daga aikin jirgi.

Ba a cire shi ba. Kwamandojin ɓangarorin biyu suka sa hannu, aka liƙa shafin cikin littafin aiki, aka tura kwafi ga ƙasar da ta ba da jirgin. Mutmainna ta dawo ta fassara shi zuwa Faransanci, sannan ta rubuta shi da Hausa ba wanda ya sa ta. A ƙasan shafin an sa: daga bayanin Malam Bawa, Mazanya.

Aka kira taron makiyaya a bakin kwantenar. Malam Bawa ya ce ba zai je ba, sai ga shi ya zo a makare. Aka karanta shafin da Hausa. Aka nuna masa allon, jirgi na shawagi ta wajen Gangara. Ya daɗe yana kallo, ya nuna wani garke da baki ya ce wannan na mutumin kirki ne, amma bijimin gaba yana ɗingishi, a faɗa masa.

Da zai fita ya tsaya kusa da Kalilu.

"Wanda ya rubuta laihinshi da hannunshi, ana iya ba shi amana. Ka turo magabatanka bayan an yanke gero."

Badamasi ya ji labari a kasuwa. Ya ce dama shi bai matsa ba.

Da yamma Mutmainna ta rubuta: "Shaho, ka sauko ƙasa ke nan."

Ya amsa: "Ki shiga gaba, tafintata. Ina bin ki."

An ɗaura auren ranar wata Juma'a da kaka, a masallacin Mazanya. Sojojin nan da na can suka zo cikin manyan riguna, ba ka gane wane ne na wace ƙasa. Liman ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya zaunar da ƙasashen biyu lafiya, jama'a suka shafa.

Kalilu yana ciki ana ta miƙa masa hannu. Malam Bawa ya riga kowa fitowa. A bakin ƙofa ya ga takalman ango, inuwa ta janye ta bar su cikin rana. Ya sa bakin sandarsa ya tura su gindin bango, ɗaya bayan ɗaya, ya wuce gida.