Babur Mai Fito

Ranar da Khalilu ya fara ganin Safara'u, ba shi ta kalla ba, babur ɗinsa ta kalla.

La'asar ce sakaliya, a watan da gero ya fi mutum tsawo. Ya sauke fasinja a wani ƙauye gabas da Zakirai, ya biyo siririyar hanyar da ta ratsa gonaki zai koma bakin titi. Babur ɗin na hannu ne, a Kano ya saye shi, kuma yana da wata ɗabi'a. Da an saki totur sai ya ja wani dogon fito siriri, kamar mutum yana kiran wani daga nesa. Bakanike uku suka kwance salansa, ba wanda ya gano ta inda fiton yake fita.

Yana shan kwanar wata ɗorawa, babur ya yi fitonsa. Sai ga budurwa ta ƙame a tsakiyar hanya, ƙwaryar kuɓewa ta suɓuce mata, ko kallon ƙasa ba ta yi ba.

Ya taka birki. "Subhanallahi! 'Yan mata, lafiya?"

Ta matso a hankali, ta sa ɗan yatsa cikin wata lotsawa a gefen tanki.

"Malam, ina ka samo mashin ɗin nan?"

"A Kano na saya. Da takarduna, in kina zaton na sata ne."

"Na yayana ne, Yaya Uwaisu. Damina biyu ke nan da rasuwarsa. A kansa mota ta buge shi."

Tsigar jikin Khalilu ta tashi. Ya sauka ya durƙusa yana tsince mata kuɓewa. Da ya ɗago zai miƙa mata ƙwarya suka haɗa ido, sai ya ji abin da ya fi tsoron ƙarfi. Mutumin da aka gaya wa yana hawan abin mamaci, ka ce gudu zai yi. Ina! Lambar waya ya roƙa, ta ba shi, ta ce ita Safara'u ce, 'yar malamin ƙauyen.

Da daddare ya aika mata: "Allah ya jiƙan Yaya Uwaisu. Ki yafe mini tsoratar da ke da na yi, 'Yar Malam."

Ta amsa: "Amin. Ba ka tsorata ni ba, Mai Fito. Na ɗauka dai shi ne ya dawo."

Daga nan ƙafar Khalilu ta saba da ƙauyen. Shekarar ce aka cire tallafin mai, 'yan acaɓa suna kashe inji a gangara don su rage shan lita, amma shi kullum la'asar sai ya ƙona nasa man ya zo zance. Ta fito da tabarma da ruwan randa, su zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Safarata, in ban gan ki ba ko tuwo ba ya wuce mini."

"Kai dai faɗi gaskiya, da koko ka cika cikinka a tasha."

"Wallahi ke ce. Ko fasinja na ɗauko, in ya ce dama sai hannuna ya yi hanyar gidanku."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Amma wani lokaci dariyar takan tsaya, ta waiwaya ta dubi katangar gidansu.

Wata rana ta gaya masa dalili. Uwaisu ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsu, Inna Barira, mace ce mai alkunya irin ta da. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Ba ta taɓa tarbarsa a tsakar gida ba, ba ta taɓa tambayarsa ya hanya ba. Abin da take yi ɗaya ne. La'asar na yi sai ta ɗauki faifai ta zauna a jikin katangar da ke kallon hanya, kamar mai tsintar wake, har ta ji fiton babur daga wajen ɗorawa. Sannan ta tashi ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe. Ko ranar da aka kawo gawarsa ba wanda ya ga hawayenta.

"Tunda ka fara zuwa ta koma jikin katangar nan," in ji Safara'u. "Jiya na ga ta wanke kwanonsa. Ta zuba tuwo ta rufe, Khalilu."

Ba a yi kwana uku ba Malam Nababa, mahaifinta, ya aika a kira shi. Malami ne mai karantar da manya littattafai a zaurensa, ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa take da nauyi. Khalilu ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam."

"Khalilu, na bincika asalinka, ban sami abin ƙi ba. Amma mashin ɗin nan da hannuna na kai shi Kano na sayar, don kada in ƙara jin muryarsa. Garuruwa nawa ne a ƙasar nan? Ya rasa inda zai dawo sai ƙofar gidana. Uwar yarinyar nan tana zuba wa mamaci abinci. Ba zan sai wa 'yata farin ciki da hankalin uwarta ba. Muddin ana jin fiton nan a gidana, ba ni da 'yar da zan ba ka."

"Na ji, Malam. Daga yau ba za a sake ji ba."

Washegari ya kai maganar tashar 'yan acaɓa ta bakin kasuwar Zakirai. Ka san 'yan acaɓa, in aka taɓo zancen wane babur za a saya, ko fasinja ya zo sai ya jira.

"Roba-roba za ka saya," in ji wani. "Yana lallaɓa mai kamar maraya da naman Sallah."

"A yashin nan namu? Ka ɗora masa buhu biyu ka gani. Boksa dai, shi ne jakin talaka."

"Jakin da ke cin abin da ka samo kafin ka kai gida?"

Baba Mati, dattijon tashar, ya bari suka gaji sannan ya nuna sabon babur ɗinsa mai caji. "Wannan ba ruwansa da gidan mai. Ga masu sola nan a kasuwa, ka jona ka sha shayi. Kuma kai da aka ce ba a son ƙara, ai ga bebe ka samu. Ɗauki ka gwada mako guda, ni ƙafata ta matsa mini."

Sama'ilu bakanike, wanda rumfarsa ke jikin tashar, ya goge hannu ya ce, "Tsohon kuma ka bar shi wurina. Mashin da ya sha jini ba a sayar da shi kusa. Zan nema maka mai saye daga Jigawa."

Khalilu ya yi masa godiya har da riƙe hannu. Bai san Sama'ilu ya taɓa aika manyansa neman Safara'u an ba su haƙuri ba.

Mai cajin nan abin tsoro ne a ƙauye. Yana tafiya kamar inuwa, kaji ba sa tashi sai ya zo kansu. Wata tsohuwa ta waiwaya ta ga mutum yana sulalowa a bayanta ba motsin inji, ta yar da itacenta tana a'uziyya. Khalilu kansa sai ya riƙa jin numfashinsa da kukan kurciya da shafar ganyen gero a kafaɗarsa, abubuwan da bai taɓa ji a kan hanya ba. Amma ya daure, ya ɗauke ƙafa kwana biyu don ran Malam ya huce.

Rana ta uku saƙo ya shigo.

"Mai Fito, me na yi maka? Ka yi wa Baba alkawari, kuma jiya da yau duk mun ji wucewarka ta bayan gida. Baba ya ce mai saɓa alkawari tun a waje ba ya zama suruki. Ya hana ni fita."

Nan take ya rubuta: "Wallahi tallahi, Safarata, kwana uku ban taɓa mashin ɗin nan ba."

"To wa ke hawansa? Na leƙa ta katanga ban ga kowa ba, gero ya rufe hanya. Fiton kawai ake ji. Ina jin tsoro."

Shi ma tsoron ya kama shi, ba ƙarami ba. Ya je rumfar Sama'ilu ya tarar da babur a lulluɓe da buhu, shiru kamar gawa. Ya kai hannu zai taɓa, ya fasa.

Kashegari kafin la'asar ya shige cikin geron kusa da ɗorawa da mai cajin Baba Mati, ya laɓe yana karanta duk addu'ar da ya iya. Iska ta tsaya cak. Can sai ga fiton, siriri, yana tahowa. Ya leƙo ta tsakanin kara. Babur ya wuce, a kansa mutum da rawani ya rufe fuska.

Khalilu ya bi shi. Tafiya suke, taku biyar ne tsakaninsu, mai rawani bai san da kowa a bayansa ba. Ya saki totur a bayan gidan Malam, ya sake saki, sannan ya zagaya bayan makarantar firamare ya tsaya ya warware rawani yana murmushi. Ya juyo ke nan ya ga mutum a tsaye a bayansa, ba ƙara ba ƙura. Ashe Sama'ilu ne, ya kurma ihu ya faɗi zaune. Wanda ya zo tsorata mutane, shi aka yayyafa wa ruwa a fuska.

A gaban Malam da Baba Mati ya amsa laifinsa, kansa a ƙasa. Malam ya ce, "Ka yi wasa da makokin gidana don son zuciyarka. Je ka, kai da Allah." Aka kai babur gidan Baba Mati aka ɗaure da sarƙa, Khalilu ya cire fulogi ya jefa a aljihu.

Sai shiru ya sauka a gidan Malam, kuma shirun ya fi fiton muni. Inna Barira ta zauna a jikin katanga da faifanta, rana ta faɗi ba ta ji komai ba. Ta daina cin abinci.

"Yau kwana biyu ko kunu ba ta sha ba," Safara'u ta rubuto. "Idan wani abu ya sami Inna, ba zan iya aure a kan haka ba, ko da kai ne, masoyina."

"Ki yi haƙuri, hasken idona. Na zo da mashin na cuce ta, na ɗauke shi na cuce ta. Ban san inda zan sa kaina ba."

Rana ta uku, bayan la'asar, wayarsa ta yi ƙara. Safara'u ce, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Kana ina?"

"Ina tasha. Ga Baba Mati kusa da ni."

"Mashin ɗin fa?"

Ya shafa aljihu. "Yana ɗaure. Ga fulogin a hannuna."

Ta ce, "Yanzu ya wuce, Khalilu. Sau ɗaya. Ni da Inna muka ji. Bai tsaya a ƙofar gida ba, ya yi gabas, wajen maƙabarta, har ya ɓace. Inna ta ce ka zo."

Ya iso zaure ya durƙusa. Malam yana zaune da carbi, ya ce iska ce a cikin karan gero, amma bai ɗago ido ba da yake faɗa. Sai aka ji motsi a bayan asabarin ƙofar cikin gida. Inna Barira ce, ba ta fito ba.

"Khalilu."

"Na'am, Inna."

"Ban haukace ba, ɗan nan. Na san inda aka kai shi. Ranar ce dai na zauna ina jira ban ji ya dawo ba, sai zaman ya ƙi ƙarewa." Ta ja numfashi. "Yau na ji tafiyarsa. Uwaisu ya tafi. Allah ya jiƙan Uwaisu."

Carbin Malam ya tsaya. Shekara ashirin da bakwai, bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sai kuka ya ƙwace mata a bayan asabari, kukan da ta riƙe damina biyu, Safara'u ta rungume ta suna yi tare. Malam ya sa gefen rawani ya share ido, bai hana su ba.

Da ta natsu ta ce, "An ce kana shawarar wanda za ka saya."

"Eh, Inna. Mai caji nake tunani, tunda ba ya ƙara."

"A'a. Tsohon nan ka sayar da shi nesa. Amma ka sayi mai murya. Yarinyar nan za ta zauna jiranka kullum. Kada ka bar ta tana kasa kunne ga abin da ba a ji."

Malam ya gyara zama. "To, ka ji. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

A tasha aka sha musu. Baba Mati ya ce an yi asarar mai, masu roba-roba suka ce sun ci gari. Khalilu ya saurari injin babur bakwai a Kano kafin ya zaɓi wani ja mai kauri a murya, wanda bai san fito ba.

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure a zauren Malam. Ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Jama'a suka shafa. Inna Barira ta sa kwanon Uwaisu cikin kayan amarya, ta ce na angon ne.

Sati guda da tarewa, la'asar ta yi, Safara'u tana tsakar gidanta tana tankaɗe. Can daga nesa ta jiyo muryar jan babur yana hawo yashi. Ta ajiye rariya, ta zuba abinci a kwanon ta rufe, sannan ta yafa mayafi ta taho har bakin zaure.

Yana kashe inji ta ce, "Sannu da zuwa, Khalilu. Tun daga bakin rafi na ji ka."