Zane Mai Kusurwa Uku

Mutanen unguwar Harra ta Gabas sun ce Hajiya Hajo ba ta cin kifi, ba ta kuma zuwa bakin teku ko da biki ake yi. Abin da take gaya wa jikoki shi ne, tana budurwa suka ƙetaro teku a jirgin ruwa daga garin Sawakin, ƙanwarta Radiyya ta faɗa ruwa, jirgin bai juya ba. "Shira'insa, zanen da iska ke turawa, mai kusurwa huɗu ne. Irinsa gaba kawai ya sani."

Ran nan bayan isha'i tana zaune ƙofar gida ita kaɗai, wata yarinya ta yi sallama ta durƙusa. Ko yayyafi ba a yi ba, amma mayafinta yana tsiyaya, yana warin gishiri.

"Yaya, kusurwa uku ne," in ji yarinyar, muryarta kamar daga cikin tulu. "Irinsa yana juyowa ko iska ta ƙi. Ina cikin ruwa na ji mai jirgin yana tambaya, kowa na nan?"

Hajo ta kasa ɗaga ido.

"Muryarki na ji ta ce na'am."

Ruwan ya gangaro ya taɓa yatsun Hajo, sanyi ƙarara.

"Radiyya," ta faɗa a fili, "ki yafe mini."