Jaka Guda a Goshinsa

Raishatu ce ta ɓata komai, da hannunta, kuma don ƙauna ta yi.

A kan tudun duwatsun da ke gabas da ƙauyensu, ta wajen Ollelewa, wani Buzu mai suna Rissa ya gina masaukin baƙi. Duk Asabar marubuta kan zo daga Damagaram su yi ta surutun littattafai, a ci tuwo da gasasshen rago, sannan a sa kiɗan da suke kira jaz. Abdurrazak, mushen lakwal, wato malamin makarantar ƙauyen, shi ke busa musu algaitar nasara. Shi ne kuma aka sa wa ranar aure da Raishatu.

Ranar da ya gayyace ta, ta zauna can baya. Ya busa har jikinta ya yi sanyi. Ya gama, mutane suka tafa. Shi ke nan! Ba wanda ya tashi.

Zuciyarta ta yi zafi. Mutum ya zubar da gumi haka, a sallame shi da tafi? Ta kwance bakin zane, ta ratsa tebura, ta manna masa takardar kuɗi ta jaka guda a goshi.

Algaitar ta kusa suɓuce masa.

"Raishatu... me kika yi?"

"Na fidda ka kunya, masoyina."

Ba ta san alkawarin da maza suka ƙulla a zaure ba. Kafin ranar Lahadi ta faɗi, hoton da wani ya ɗauka ya kai wayar mahaifinta, Malam Yahuza.

"Ke! Wa ya aike ki?"

"Baba, gani na yi ba wanda ya..."

"Ya rantse mini shi ba maroƙi ba ne, ba a yi masa liƙi. A kan haka na ba shi ke. Yanzu duk ƙasar Damargu an ga kuɗi a goshinsa, kuma 'yata ce ta liƙa! Gidanmu noma muka gada, ba roƙo ba."

"Laifina ne, Baba, ni za ku hukunta..."

"Ba ruwana da mai laifi. Ya zaɓa. Ko ke, ko ƙarfen nan."

Ta tare Abdurrazak bayan lakwal, idonta ya kumbura.

"Kada ka bar busa saboda ni. Wallahi na ga fuskarka in kana busa."

"Ke kuma kin ga fuskata in babu ke?"

"Za ka tsane ni wata rana..."

"Yi shiru, 'yar ƙanwata. Na riga na kai wa Rissa algaitar."

Bayan an yi girbin hatsi aka ɗaura aure. Bai taɓa yi mata gori ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ci mata rai.

Har yau, duk Asabar in iska ta kwaso kiɗan daga tudu, wani yaron Damagaram ke busawa. Abdurrazak yakan zauna a tabarma, yana hira da ita yana dariya. Yatsunsa kuwa suna tafiya a kan gwiwarsa, suna danna abin da babu. Shi bai san yana yi ba.

Ita ta sani. Sai ta ce hayaƙin murhu ne ya shige mata ido.